Raƙumin Haruffa a Ɗakin Gyaɗa

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar damina, shekara ta biyu da fara Shari'a a jiharmu, ina aji biyar na firamare, Yaya Mansur ya yi sallama a gidanmu na Daura da ƙaton kwali a ka, ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga tasha yana biye da shi rungume da wani kwalin kamar an ba shi riƙon jariri. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk caɓi, ni kuwa ina gindin turmi ina tsince tsakuwa daga geron da za a surfa. Na dire ƙwaryar a karkace, kaji suka samu rabonsu, na ruga na tare shi ina tsammanin tsarabar birni ce. Yaya Mansur shi ne ɗan farin Innarmu, yana karatun kwamfuta a wata babbar makaranta a Katsina, kuma saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta leƙo daga madafa, ta dubi kwalayen, sannan ta dube ni maimakon shi ta ce, "Zulai, tambayi wancan, wane tarkace ya kwaso mana kuma?"

Tarkacen dai tsohuwar kwamfuta ce da wani ofis ya yar, malaminsa ya ba shi, ya yi ta ƙwaƙularta har ta farfaɗo. Jikinta ya koma ruwan ƙwai don tsufa, gilashinta yana da ƙeya kamar tulu. Aka rasa inda za a ajiye ta sai ɗakin gyaɗa, wani dogon ɗaki siriri kusa da turken awaki, domin shi kaɗai ne yake da wurin jona wuta da babu mai amfani da shi, kuma da damina babu buhu ko ɗaya a ciki, sai ƙamshin gyaɗar bara. Yaya ya ɗora ta kan teburin keken ɗinkin Inna da ya lalace, ya jawo kujerar katako ƙwaya ɗaya ya ajiye a gabanta. Daga nan sai jiran wuta. Ni da ƙanina Nafi'u muka zauna a bakin ƙofa muna gadin ƙwan fitila da ido, har Inna ta gaji da kirana ta yi surfen da kanta.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Kwamfutar ta yi gunji kamar injin niƙa daga nesa, gilashin ya yi haske, sai kuma ya tsaya baƙi ƙirin, babu komai sai wani ɗan layi fari a kusurwa yana ƙiftawa. Nafi'u, wanda bakinsa bai san birki ba tun yana ƙarami, ya ce a mayar wa masu ita, ta mutu. Yaya bai kula shi ba. Ya buga wata 'yar kalma da yatsu, ya ɗora ɗan yatsansa kan babban maɓalli, ya waiwayo ya ce mu ja da baya har mu jingina da bango. Da ya danna, sai ga jirgin ƙasa ya kunno kai daga dama, da tayoyinsa suna juyawa, da taragu a bayansa, hayaƙi yana tashi dunƙule-dunƙule yana watsewa a sama. Ya ratsa baƙin gilashin nan a natse ya fice ta hagu. Mu da ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafin makaranta, muka kwashe da ihun da ya sa awaki suka yi ta fizgar igiya, Inna ta shigo a guje da ludayi a hannu tana tambayar wa wuta ta kama.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, da muka matsa kusa don mu taɓa jirgin, sai muka tarar babu jirgi. Haruffan boko ne kawai, irin waɗanda malamar Turanci take dukanmu a kansu, da waƙafi da ɗigo da sifiri da taurari da 'yan sanduna masu karkata, an jera su layi bisa layi. Tayar jirgi sifiri ce tsakanin baka biyu, hayaƙin kuwa ƙananan haruffa ne masu zagaye. Yaya ya ɗauki littafin lissafina ya zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi, ya saki shafukan da babban yatsa, mutumin ya yi tsalle. Ya ce haka kwamfutar take yi, shafi ne bayan shafi da sauri har ido ya yarda motsi ne. Tun ranar muka koyi dokar ɗakin gyaɗa: wanda ya fi nisa shi ya fi gani. A ko'ina yara suna faɗa ne a kan gaba, mu kuwa a kan bakin ƙofa muke dambe, kuma mai zama kan kujera shi ne ya fi kowa asara.

Yaya yana da wasu 'yan faya-fayai baƙaƙe masu kusurwa huɗu da suke shiga aljihun riga, a cikinsu ya kwafo abubuwan kallon daga wurin abokansa. Akwai ruwan sama, wanda waƙafi ne suke zubowa har su taru a ƙasa su yi kududdufi. Akwai kifaye masu kai da komo suna sakin kumfa. Akwai wani ɗan mutum siriri mai rawa, wanda muka laƙaba wa sunan shugaban makarantarmu saboda tsawon wuyansa. Babu launi, babu sauti, mu ne masu yin sautin da bakinmu: Nafi'u ne usur ɗin jirgi, 'yar baffana Hajo ita ce tsawa. Yaya ya ce a Katsina, inda ake da intanet, mutum yakan buga layi ɗaya a irin wannan baƙin gilashi, sai fim sukutum na haruffa ya taho masa daga wata ƙasa. Muka dubi juna muka gyaɗa masa kai, don ba a ƙaryata babba, amma a zuci mun san wannan karon Yaya ya zuba gishiri.

Sai mutum ya san gidanmu zai gane abin da wannan akwati ya zama a wurinmu. Kakanmu na wajen uba, Malam Babba, malami ne mai karantar da manya a zaure da safe, yara da yamma, kuma tun kafin a haife ni ya ce talabijin ba za ta kwana a gidansa ba. Rediyo kaɗai ya yarda da ita. A shekarun nan kuwa gari ya ɗau wa'azi, hijabanmu sun ƙara tsawo, kiɗan biki ya ja baya, kowa yana takatsantsan da abin da za a ce an gani a gidansa. Samarin gidan ba su rasa komai ba, don sukan sulale gidan kallon ƙwallo su dawo suna ba mu labari da gadara. Mu mata fa, duniyarmu daga gida sai makaranta sai Islamiyya sai rijiya. Wasanninmu carafke ne da 'yar gala-gala da 'yar tsanar kara, kuma ba na raina su, amma duk abin da ya fita ƙofar zaure ya fita daga hannunmu ke nan. Kwamfutar nan ita ce abu na farko daga waccan duniyar da ya shigo har inda muke ya zauna.

Ba a yi mako ba labari ya zaga unguwa ta kan katanga. 'Yan mata suka fara zuwa aron rariya da ba sa bukata. Matan aure na maƙwabta sukan ɓullo ta ƙofar baya da hantsi, idan maza sun tafi gona ko kasuwa, da goyo da kaskon tsinkar zogale, su jeru a ƙofar ɗakin gyaɗa suna salati duk sanda kifi ya juya. Inna ta kafa sharaɗi: babu mai leƙa ɗakin sai ta gama aikinta. Ban taɓa ganin an yi wanke-wanke da shara da yankan ciyawar awaki da irin wannan sauri ba. Ni da nake jan ƙafa zuwa rijiya kamar an aike ni garin Mashi a ƙasa, sai ga ni ina cika randuna tun rana ba ta yi zafi ba. Inna ta ce, ba tare da ta dubi mai tarkacen ba, "Wannan abu na wancan dai da albarkarsa."

Raƙumin kuwa nawa ne, don ni na roƙa. Na ce wa Yaya duk abin da yake nuna mana na wasu mutane ne, ina namu? Ya yi kwanaki yana jera haruffa yana gogewa, ni ina gefensa ina ba da umarni kamar uwar ɗaki: a ƙara tozo, a tsawaita wuya, leɓen bai zubo ba. Ya yi shi babba har ya cika gilashin, jikinsa cike da haruffa masu kauri inda duhu yake, sirara inda haske yake. Yana tafiya a wuri guda, ƙasa ce take gudu a ƙarƙashinsa, lokaci-lokaci wata bishiya ta wuce. Daga bakin ƙofa, wallahi sai ka ce zai waiwayo. A wajen wannan aiki ne na koyi inda kowane harafi yake, da kalmomin da ake bugawa a kira kowane abu, da yadda ake tsayar da shi. Da hutu ya ƙare, Yaya ya duba ya ga samarin gidan hankalinsu yana kan ƙwallo, hannun Nafi'u kuma kullum da maiƙo, sai ya damƙa mini amanar kwamfutar a gaban kowa. Na ji daɗin da har yau ban manta ɗanɗanonsa ba. Na yi mulki kuwa, ba laifi, har Hajo ta fara kirana sarauniyar ɗakin gyaɗa.

Daɗin bai kai ƙarshen kaka ba sai ga magana. Baffa Sale, ƙanin babanmu, tela ne, mutum mai tsoron Allah da yawan ba mu alewa, kuma a lokacin ba ya wasa da duk abin da ya ji a wa'azi. Wata rana ya dawo daga shago ɗaukar almakashi, ya ji shewar mata, ya leƙa ta bakin ƙofa, ya yi ido biyu da raƙumina yana taku. Ya ɗauki almakashinsa ya fice. Da yamma Nafi'u, wanda ya kai wa Malam buta, ya dawo da gudu ya ce ya ji Baffa yana cewa an buɗe gidan majigi a cikin gidan malamai, ana nuna hoton mai rai, kuma mutanen da suke turo 'ya'yansu karatu za su ji. Malam Babba ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba ya hukunci kan abin da idonsa bai gani ba. Ranar Alhamis bayan la'asar, da yake babu karatu, zai shigo ya duba. Idan abin haka yake, akwatin zai koma Katsina a motar farko.

Kwanakin nan tuwo ya daina yi mini daɗi. Yaya yana nesa, waya ba ta zo gidanmu ba tukuna, babanmu yana can kasuwannin dabbobi na kan iyaka, amana kuma a hannuna take. Idan aka fitar da ita, samari za su ci gaba da kallonsu a waje, mu kuwa shi ke nan. Hajo ta ba da shawara in nuna ruwan sama da jirgi kawai, tunda ba su da rai, in ce iyakarsu ke nan. Shawarar ta kwanta mini, amma Inna ta jiyo mu daga bakin murhu ta ce, "Malam ba a yi masa rufa-rufa. Abin da ya tambaya ki nuna masa." Na fara addu'ar kada a kawo wuta ranar, sai na tuna idan ba a kawo ba maganar Baffa ce za ta tsaya, na juya addu'ar. Na share ɗakin har sau nawa ban sani ba, na goge gilashin da gefen zanina, na gyara buhunan sabuwar gyaɗa da aka fara jibgewa a jikin bango.

Ranar Alhamis wuta ta zo tun azahar, ta kuma zauna daram kamar ita ma tana son ganin ƙarshen zance. Malam Babba ya shigo da sandarsa, Baffa Sale yana biye, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka: yana kirana uwargida, yana cewa tuwona gudaji ne zalla, ni kuma in ce na gaji da miji marar haƙori. Ranar dai babu zancen wasa. Kujera ɗaya ce a ɗakin, kuma ba a barin babba a tsaye, don haka ba tare da wani tunani ba na goge ta da hijabina na ce, "Bismillah, Malam." Ya zauna dab da gilashin. Tunda kuma ba a tsayuwa a kan babba, kowa ya zube ƙasa: Baffa ya tsuguna a gefen ƙafarsa, kansa daidai da teburin, ni na durƙusa a ɗaya gefen ina miƙa hannu ga maɓallai, yara suka takure a tsakanin buhuna. Malam ya zaro tabaransa na karatu mai ɗaure da zare, ya maƙala, ya kai hancinsa kusa da gilashi kamar yadda yake yi wa littattafansa, ya ce, "To uwargida, yau ke ce malama. Ja mu ji."

Na kira ruwan sama, ya zubo. Malam ya ɗora yatsa kan gilashin, ya fara bi daga dama zuwa hagu yadda ya saba, yana motsa leɓe. Na kira jirgi, ya wuce ta ƙarƙashin yatsansa, bai ko ɗaga gira ba. Na janye hannuna na sunkuyar da kai, ina fatan a tashi haka. Sai muryar Nafi'u ta fito daga bayan buhu, tsakaninsa da Allah, da zumuɗin mai taimako: "Saura raƙumi!" Hajo ta kai masa mintsini, amma magana ta riga ta fita. Malam ya ce a kawo shi. Na buga kalmar, na yi kuskure, na goge, na sake, na danna babban maɓalli, na rufe ido.

Da na buɗe, Malam yana nan yadda yake, hanci a gilashi, yatsa yana bin layi. Ya daɗe yana dubawa, ya hau sama ya gangaro ƙasa. Can ya ce, "Sale, ina raƙumin?" Baffa ya ɗaga kai daga inda yake tsugune, ya karkata wuya, shi ma daga can ƙasa babu abin da yake gani sai haruffa suna rawa. Ya ce, "Wallahi Malam na gan shi ran nan, da tozonsa, yana tafiya." Malam ya ce shi dai baƙaƙen boko yake gani suna ta musayar wuri kamar yara a sahun salla. Ya cire yatsansa ya ce, "Wannan ai rubutu ne. Ba a taɓa korar rubutu daga gidan nan ba." Sai a lokacin na gane abin da kujerar nan ta yi mini. Baffa ya sunkuyar da kai, don ba ya jayayya da mahaifinsa. Ni kuwa murna ta cika mini ciki har na manta da abu ɗaya: ban tsayar da raƙumin ba.

Malam ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya dogara sanda ya miƙe, ya taka har bakin ƙofa. Ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, sai ya waiwayo don ya ce a ɗaga buhunan nan daga ƙasa kada sanyi ya kama gyaɗar. Maganar ba ta ƙarasa fita ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kan gilashin, inda raƙumina yake ta takunsa hankali kwance, bishiya tana wucewa ta bayansa. Ya yi salati a hankali, sannan ya ce, "Sale, ka yi gaskiya. Ka yafe ni." Hawaye suka fara zubo mini, na soma tunanin kwalin da za a mayar da ita ciki.

Amma Malam bai tafi ba. Ya tuɓe takalmin ya dawo gaban gilashi, ya duƙa: rubutu. Ya ja da baya zuwa ƙofa: raƙumi. Ya sake dawowa, ya sake komawa, a tafiya ta gaba har ya manta da sandarsa a jikin tebur. Sai muka ji wani abu da ba mu taɓa ji a cikin gida ba, Malam Babba yana dariya da ƙarfi, har giɓinsa ya fito, har yana share ido da hannun riga. Da ya natsu ya ce in kashe. Na kashe, gilashi ya koma baƙi. Ya tambaye ni ina raƙumin ya tafi, na ce babu shi sai an sake kira. Ya zagaya hannu ta bayan akwatin, ya shafa gilashin, ya juya wajen Baffa ya ce, a abin da ya karanta wurin malamansa, nauyin hani yana kan abin da aka sassaƙa ya tsaya da jikinsa har ya yi inuwa, wannan kuwa ba jiki, ba inuwa, ba ya ko kwana. Ya ce akwati zai zauna, da sharaɗin a kashe shi da an ji kiran salla, kada kuma a saka abin da ba za a iya kalla a gabansa ba. "Sai dai uwargida," in ji shi, "raƙumin nan naki tafiyar jaki yake yi."

Ashe kafin ya zauna karantarwa, yana saurayi, ya sha bin mahaifinsa fatauci ta Zango har cikin Nijar, kuma ya yi watanni yana kallon ƙafafun raƙuma daga baya. Ya ce raƙumi ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, na dama gaba da baya, sannan na hagu, shi ya sa mahayinsa yake layi. Na ce ban gane ba, da gaske kuma ban gane ba. Sai tsohon nan, malamin da manyan mutane suke durƙusa wa a zaure, ya fita tsakar gida, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya miƙa wuya, ya shiga jefa hannun dama da ƙafar dama tare, sannan na hagu, yana tangaɗi daga turken awaki har gindin turmi. Nafi'u ya bi bayansa yana kwaikwayo, sauran yara suka jeru, aka yi ayari. Inna da matan gida suka faɗa ɗaki suna toshe baki da gyale, don surukai ba sa dariya a gaban suruki, amma muna jiyo su ta taga. Baffa Sale ma ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa.

Gyaran ƙafafun nan shi ne aikin farko da na yi a kwamfuta ni kaɗai. Na buɗe shafukan yadda na ga Yaya yana yi, na dinga matsar da sanduna ɗaya bayan ɗaya, in ɓata, in yi kuka, in sake. Kowace Alhamis bayan la'asar sai a shimfiɗa wa Malam buzunsa a bakin ƙofar ɗakin gyaɗa, wurin da muka saba dambe a kansa, wanda yanzu babu mai ja. Ya duba ya ce ta baya ta makara, ko wuyan ba ya lilo. Ranar da ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu kam wannan zai kai Agadas," na ji kamar an ba ni kyautar ɗaliba ta ɗaya a jiha. Baffa Sale bai taɓa zama kallo ba, ya tsaya a kan fahimtarsa, kuma babu wanda ya matsa masa. Amma wata safiya na tarar an lulluɓe kwamfutar da riga ta ƙyallayen atamfa, an yi mata ɗinki biyu, daidai ƙeyarta kamar an gwada.

Kwamfutar ta yi mana damina biyu kafin wata tsawa ta ƙone ta. Malam Babba ya rasu ina makarantar gaba da sakandare, ɗakin gyaɗa kuma an rushe shi an yi shago. Yau ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, 'ya'yana suna da fina-finai masu launi da sauti a tafin hannu, suna kallo kowa shi kaɗai, kai a sunkuye, ba usur ba tsawa. Ba na cewa namu ya fi nasu, amma ban taɓa jin sun yi ihun da ya tsorata akuya ba. Kwanan baya na buɗe baƙin gilashin nan a kwamfutata, na sake jera raƙumin daga abin da na tuna, ƙafafun gefe ɗaya tare. 'Yar autata ta manna fuska a jiki ta ce, "Mama, ta lalace ne?" Na ce ta ja da baya har bakin ƙofa. Ta tafi tana gunaguni, ta juyo, ta tsaya cak, bakinta a ɗan buɗe, ƙafa ɗaya cikin silifa. Ba ita kaɗai nake gani a ƙofar ba, har da Malam Babba da takalminsa ɗaya. Gidan nan namu ma, sai yanzu da na yi nisa da shi nake ganinsa sosai.